Mutum-mutumin kwali da dariyar da ba a nema ba

Ɗan yayata, wanda ke aji biyar na sakandare a nan Birnin Kebbi, ya cinye hutun da ya wuce yana haɗa gajeren fim shi da abokansa uku, da wayar hannu guda da koren ƙyalle yadi biyu (wanda ake musanyawa da wani hoto yayin tace fim) da suka rataya a bangon zaure. Labarin na wani mutum-mutumi ne da ya sauko daga wata duniya domin ya kwashe ruwan gulbi. Suka yi masa jiki da kwalin taliya, suka kifa masa tukunyar alminiyam a ka, suka liƙa masa tocila biyu a matsayin idanu. Ranar da aka kalli fim ɗin a shagon cajin waya na unguwarmu, daidai inda dodon ya ɗaga hannu zai hallaka jarumin, sai hannun kwalin ya lanƙwashe, shago kuwa ya kece da dariya har wani ɗan kabu-kabu yana dukan benci. Da dare yaron ya same ni ya ce, "Kawu, mi ya sa sunka yi dariya, alhali wurin na ban tsoro ne?"

Tambayar tasa ita ce tsohuwar gardamar masu son finafinan almarar kimiyya: idan jarinka kaɗan ne kuma babu wani babban kamfani a bayanka, shin ka yi fim na gaske-da-gaske, ko kuwa ka rungumi talaucinka ka yi abin da 'yan Kannywood ke kira camama?

Masu goyon bayan camama suna da hujja, kuma ba na raina ta. Suna cewa tunda mai kallo zai yi dariya ko ka so ko ka ƙi, gara ka riga shi, ka bar igiyar da ke riƙe da jirgin sama jannati ta fito fili, ka sa jarumi ya zaro ido ya kurma ihu fiye da kima, kowa ya san da gangan aka yi. A unguwar Wakaliga ta birnin Kampala, Nabwana Isaac ya yi suna a duniya da finafinan faɗa da ake cewa kuɗinsu bai wuce dala 200 ba, har da mai sharhi da ke tsokanar 'yan wasa yayin da fim ke tafiya, kuma mutane suna son abin ne saboda bai ɓoye komai ba.

Duk da haka ni ina ɓangaren yin abin da gaske, kuma dalilina na farko daga gida yake. Mu da muka tashi da finafinan aljanu mun saba ganin mutum ya ɓace bat, ko wuta ta fito daga idon boka, ba tare da kowa ya tambayi yadda aka yi ba, domin aljani ba ya bin doka. Almarar kimiyya kuwa doka ce gaba ɗayanta: marubuci ya ɗauki abu guda da babu shi a duniya, ya gindaya masa sharuɗɗa, sannan ya bi sakamakonsa har ƙarshe ba tare da ya yi wa mai kallo maguɗi ba. Da zarar an mayar da abin wasa, sharuɗɗan nan ne ke fara zubewa, sai na'urar ta koma aljani mai batir, mai yin duk abin da darakta ya ga dama. A wurin da wannan salon ya daɗe da kafuwa ana iya yi masa shaƙiyanci, saboda kowa ya san abin da ake kwaikwaya. Mu da ba mu kafa shi ba tukuna, me za mu yi wa shaƙiyancin?

Sannan akwai kuskuren ɗaukar cewa yin abu da gaske yana nufin nuna abubuwa masu tsada. A 2004 wani Ba'amurke mai suna Shane Carruth ya fitar da Primer, wanda ya yi da kimanin dala 7,000, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Sundance. Labarin tafiya baya cikin lokaci ne, amma injin ɗin akwati ne kawai, mafi yawan fim ɗin kuma injiniyoyi biyu ne suna magana, amana tana lalacewa a tsakaninsu a hankali. Ya san abin da kuɗinsa ba zai iya nunawa ba, sai bai nuna ba. Ed Wood kuwa, wani daraktan Amurka, a shekarun 1950, ya nuna komai a Plan 9 from Outer Space, har da jiragen baƙin wata duniya masu siffar faifai da ke reto a igiya, kuma da zuciya ɗaya ya yi, amma har yau dariya ake yi masa. Matsalar ɗan yayata kenan, ba ta tukunya ba ce, ta ɗora wa tukunyar nauyin da ba za ta iya ɗauka ba ce.

Kada a ce kuma yaranmu ba za su iya ba. Samarin nan na Kaduna, The Critics Company, da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle suka fara, duniya ta san su a 2019, har daraktan Amurka J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki a 2020, kuma ba da barkwanci suka ja hankalin kowa ba.

Abin da na gaya wa yaron daga baya shi ne ya dubi fadamar Argungu. A ɗauka wani manomin shinkafa yana da tsohuwar rediyo da ta fara kamo labaran mako mai zuwa, sai ya ji ana sanar da ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan. Zai faɗa wa maƙwabta su girbe abin da ya samu, ya yarda a ce ya taɓu, ko zai yi shiru ya ranci kuɗi ya ɓoye buhunan shanshara kafin farashi ya tashi? Rediyo ɗaya, gona ɗaya, da dattijon da ya iya wasa da fuska, shi ke nan kayan aikin. Dariya ma za ta samu wurinta, domin dole uwargida ta tambaye shi dalilin da yake kwana rungume da rediyo, sai dai dariya ce da marubuci ya ajiye da hannunsa.

Ya saurara har na gama, ya ce labarin ya yi, amma shi fa ba zai jefar da mutum-mutumin ba, domin kwana tara suka yi suna haɗa shi. Yanzu shawarar da suke yi shi da abokansa ita ce su ɗauke shi cikin duhu, inda ba za a ga komai ba sai tocilan nan biyu suna matsowa daga bakin gulbi.