Allo Baƙi Ƙirin, Kowa Sai Ya Ce Ya Ƙone

Haba jama'a! Allon kwamfuta ya ƙi kamawa, ba a duba komai ba, sai a kinkime shi zuwa wajen mai gyara. Duba 'yar fitilar nan ta ƙasa tukuna mana. In a mace take, matsalar wuta ce: canza soket, danna wayar ta zauna daram, gwada wata adafta mai ƙarfi ɗaya, volt 12 ko 19, yadda aka rubuta a bayan allon.

In tana ruwan lemo, galibi allon lafiya lau, hoto ne bai iso daga kwamfutar ba. Sau tari an soka wayar hoto ta HDMI, allon kuma yana can yana jiran hoto ta wata mashigar daban, ta VGA. Abin takaici! In kuma hoto ya iso amma allon na nan baƙi, haska tocila a gilashin: in ka hango hoto dishi-dishi, fitilar baya, mai haska allon daga ciki, ce ta mutu. Wannan kam kada ka kwance, kafasito, na'urar ciki mai tara lantarki, na riƙe wuta ko bayan an zare waya.