Dafa tazargade bai kai shan ƙwayar asibiti ba

A kasuwar Maradi ana yawan cewa tunda daga dangin tazargade aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro, dafa ganyen ma ya wadatar. Tushen maganar gaskiya ne: ayarin masaniyar magunguna Tu Youyou a ƙasar Sin ne ya ware sinadarin maganin, wato artemisinin, daga ganyen wani tsiro na wannan dangi a 1972.

Matsalar awo ce. Masu binciken magunguna suna da na'urar da ke tantance sinadarai ta nauyin ƙwayoyinsu, ita ke nuna yawan maganin da ke cikin ganye da wanda ya isa jini. Ganyen wata gona kan fi na wata ƙarfi, don haka kofi biyu ba sa zama daidai. Idan maganin ya gaza, zazzaɓi ya lafa amma ƙwayar cutar ta tsira. Shi ya sa ake auna ƙwayar asibiti, a kuma haɗa ta da magani na biyu kamar lumefantrine.