Nasiha ga samarin Maradi masu ƙyanƙyasar tarwaɗa

Ƙannena, kwalbar Ovaprim, maganin allurar da ke sa tarwaɗa ta saki ƙwai, da kuke aikawa a sayo muku daga Katsina ko Kano, akwai aikin shekaru a cikinta, kuma yawancinku ba ku san na wa ba ne. Ku ba ni aron hankalinku.

Tarwaɗa ba ta zuba ƙwai a cikin kwamin siminti. Cikinta zai cika ya yi tiɓis, amma ba za ta sake shi ba sai ta ji damina, ruwa ya ƙaru ya hau kan ciyawa, kamar yadda Gulbin Maradi ke yi idan ya kawo ya malala zuwa tafkin Madarunfa. Wannan matsala ta daɗe tana ɗaure wa masu kiwon kifi kai a duniya. A 1930 Bernardo Houssay na ƙasar Ajantina ya nuna cewa idan aka ciro 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kifi, aka niƙa, aka yi wa wani kifin allura da ita, zai haihu. A 1957 Hiralal Chaudhuri ya yi nasara da wannan hanya a kan kifayen Indiya, har yau kuma ƙasar tana bikin ranar masu kiwon kifi duk 10 ga Yuli saboda shi.

Amma wanda nake so ku riƙe sunansa shi ne Richard Peter na Jami'ar Albata a Kanada. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ƙwaƙwalwar wani ɗan kifin ado wanda bai kai tafin hannu ba. Da a nan ne, da an ce ya rasa aikin yi. Shi da ɗalibansa suka gano cewa ƙwaƙwalwar kifi tana fitar da sinadarin da ke cewa a yi ƙwai, tana kuma fitar da wani, dofamin, wanda ke riƙe abin kamar linzami. Shi ya sa a wasu kifayen ko an zuba sinadarin farko abin ba ya tafiya, sai an saki linzamin. Ya haɗa kai da Lin Haoran na ƙasar Sin, suka gwada a kifayen kiwo a shekarun 1980, suka fito da hanyar haɗa magani biyu a allura ɗaya: ɗaya mai cewa a yi ƙwai, ɗaya mai sakin linzamin. A kanta aka gina Ovaprim. Ɗaya daga cikin magungunan biyu ma, domferidon, shi ne ake bai wa mutane na amai.

To, ku dubi yadda wasunmu ke aiki da shi. A kamo uwa ba a ɗora ta a sikeli ba, a zuƙi magani da ido, alhali ƙa'ida rabin mililita ce ga kowane kilo. A yi allura bayan isha'i, ba wanda ya duba agogo, ba ma'aunin zafi a cikin ruwa. Da safe a matse cikinta da ƙarfi, ƙwai ya fito da jini, ko kuma a tarar ta zubar da shi cikin dare. Kwanon ma da danshi, alhali ƙwan da maniyyin da aka yanka namiji aka ciro ba sa son ruwa sai an gama gauraya su da gashin kaza, don da ruwa ya taɓa maniyyi, ƙarfinsa ba ya wuce kamar minti ɗaya. Washegari ƙwai ya yi fari fat a kan raga, sai ka ji ana cewa maganin jabu ne, ko an yi baki. Jabu akwai shi, ban musa ba. Amma wanda bai rubuta komai ba, da me zai gane ko maganin ne ko hannunsa?

Zafin ruwa shi ke yanke lokaci. Idan yana kusa da digiri 28, awa goma ko ƙasa da haka ta isa tsakanin allura da matsa, ƙwai kuma ya ƙyanƙyashe cikin kamar kwana ɗaya. Cikin hunturu abin yana ja sosai. Ruwan tankin da ya wuni a ranar watan Afrilu kuwa yana iya dafa ƙwan.

Ku kuma ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ku nake. Kwafo aikin wani daga intanet a canza sunan gari ba zai ƙara wa kowa ɗan kifi ɗaya ba. Ga tambayoyi a ƙofar gidanku: ruwan fanfo da na rijiya, wanne ya fi karɓar 'ya'yan tarwaɗa a kwana ukun farko kafin su fara cin abinci? Uwar da aka kamo a Madarunfa da wadda aka shigo da ita daga Najeriya, wacce ta fi jure zafinmu? Masu ƙyanƙyasar da ke ta haɗa wa da ƙanwa daga kwami ɗaya, a zubi na nawa 'ya'yan ke fara fitowa a karkace? Ɗauki ɗaya, ka nemi mai kwami a unguwarku, ka tanadi sikeli da ma'aunin zafi da littafi, ku fara rubutawa tun daga zubin da zai yi na gaba.