Yadda Turanci ya sa wa mugu rigar talaka

Shekara 11 ke nan ina koyar da Turanci a sakandare, kuma kowace shekara nakan raba allo gida biyu: kalmomin mugun hali villain da naughty a hagu, na halin kirki noble da gentle da generous a dama. Yara su haddace, su ci jarrabawa, a wuce wurin. Bana na bi asalin kalmomin, abin da na tarar ya tsaya mini a rai.

Mu fara da villain, mugun nan na cikin labari, wanda yaranmu ke kira bos a fim. Tushenta villanus ne a Latin, wato manomin da ke aiki a gandun ubangidansa. Ta bakin Faransanci ta shigo, bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, lokacin da masu ƙasa ke Faransanci, masu fartanya kuwa na Turanci. Ba sata a cikin kalmar, ba kisan kai, noma ne kawai. Manya suka yi ta jifan talaka da ita cikin raini har ma'anar noman ta ɓace, muguntar ta zauna daram. Naughty kuma daga naught take, wato ba komai. A ƙarni na 14 wanda bai da ko anini ake nufi da ita, kafin ta koma mugu, yau kuma yaro mai ƙiriniya.

A ɗaya gefen duk 'yan gata ne. Noble jinin sarauta, gentle ɗan asali, ita kanta generous haifaffen babban gida take nufi kafin ta zama mai kyauta.

Kada wani ya yi saurin cewa halin Turawa ne. Tsiya a wurinmu talauci ce, amma in ka ce wa mutum matsiyaci halinsa ka zaga, mutumin kirki kuwa sai mu ce mutumin arziki ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, gero ya noma har ya bar duniya, bai taɓa cin kwabon wani ba, amma a gabana wani ma'aikaci ya kira shi baƙauye saboda kaushin ƙafarsa. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Don haka nake roƙon 'yan'uwana malamai mu daina ba da wannan jeri tsurarsa. Yawancin ɗalibaina 'ya'yan manoma ne. Ranar Talata da na ba su tarihin villain, ajin ya yi tsit, sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me manoman suke kiran masu gandun?"