Ranar da Kawu ya yi wa fakis sallama

Duk wanda ya taɓa gyara wa dattijo rimot ɗin talabijin a Zango ya san abin da ke biyo baya: daga ranar ya zama injiniyan dangi, babu albashi, babu murabus. Ni nawa muƙamin na same shi ne a shagon kawuna da ke gefen Magazin na Suame, unguwar makanikai a Kumasi, inda yake sayar da kayan gyaran mota na hannu. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a ofishinsa da bairos ya mayar gidan haya, saboda kowane yaro da filashinsa. Na share ta tas, na ɗora mata Ubuntu 10.04 daga faifan da aka aiko mini ta gidan waya, lokacin ana raba shi kyauta ga duk wanda ya nema. Na gaya wa Kawu cewa wannan Linux ne, wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, kuma ba a biyan ko kwabo. Kalmar kyauta kaɗai Kawu ya riƙe, ya watsar da sauran.

A 2011 kwantenarsa ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema. Ejan ɗin da zai fito da ita ya ce a turo masa takardar lodin jirgi ta fakis, da gaggawa, don kuɗin jinkiri ba ya hutun Lahadi. Kwam-sentar (shagon buga waya da fakis) da Kawu ya saba zuwa ta rufe tuni, wayar salula ta kashe musu kasuwa, wurin ya koma shagon gyaran gashi. Na ce a tura ta imel. Kawu ya ce takarda mai hatimi ba ta bin imel.

Ya nuna mini bayan kwamfutar da makullin mota. "Wancan ramin ba na wayar tarho ba ne?"

"Shi ne, Kawu. Modam ne."

"To ga layi, ga rami. Injiniya, bismilla."

Na buɗe baƙin allon nan na rubuta lspci, kwamfuta ta lissafo duk abin da ke cikinta, har da modam ɗin. Ta gan shi sarai, magana ce kawai ba ta shiga tsakaninsu. Irin wanda ake kira Winmodem ne. Tun shekarun 1990 masu ƙera kaya suka gano cewa za su rage tsada idan suka cire sassan da ke sarrafa sauti daga jikin katin, suka bar wa kwamfuta wannan aikin ta hanyar wata manhaja da ake kira direba. Manhajar kuwa don Windows suka rubuta ta, yawancinsu kuma suka ƙi bayyana yadda take aiki. Na yi wa Kawu bayani da yaren Magazin: an sayar mana da bodin mota mai kyau, injin yana hannun wani a ƙasar waje. Nan take ya gane, har ya ce wannan ai zamba ce cikin aminci.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kafin ka sa modam ya yi aiki sai ka sauko da direba daga intanet, modam ɗin kuma shi ne abin da aka ƙera don shiga intanet. Sai na kama trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa wani kafe a Adum da filashi a aljihu. Na sauko da scanModem, wata 'yar manhaja da masu Linux suka rubuta don gano asalin guntun da ke cikin kati, tunda sunan da ke jikin kwali sau da yawa ado ne kawai. Na dawo shago, ta faɗa mini irin guntun. Na koma Adum neman direbansa. Na dawo, ya ce shi ba zai zauna ba sai an harhaɗa shi daidai da kanel ɗin da ke kwamfutar, wato zuciyar Linux, kuma akwai wasu fayiloli da yake buƙata waɗanda babu su. Na sake komawa. Yaron trotro ya daina kiran Adum idan ya hango ni, ƙofa kawai yake buɗewa.

Da ƙyar da jiɓin goshi direba ya zauna. Modam ya amsa. Na miƙe na yi miƙa irin ta wanda ya gama noman gandu. Sannan na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa: wannan na kyauta ne, gudunsa ba ya wuce bit 14,400 na bayanai a daƙiƙa, kuma ba ya tura fakis. Mai son fakis sai ya biya kusan dala 20 da katin banki na ƙasashen waje.

A duk layinmu babu mai irin wannan katin. Akwai mutanen da za su ƙirga maka kuɗin tirela daga aljihun babbar riga, amma kati babu.

"Ba kai ka ce kyauta ba ne?" in ji Kawu.

"Linux ɗin kyauta ne, Kawu. Wannan na wani kamfani ne daban."

"Uhm. Dama banza ba ta kai zomo kasuwa."

Maganin da duk wanda ya sha wannan wuyar yake bayarwa ɗaya ne: ka nemi modam na waje, akwati mai zaman kansa wanda komai nasa ke cikinsa, ka jona shi ta tsohon ramin nan mai allura 9. Shi ba ya neman wani direba na musamman. Na samu ɗaya wajen wani mai kayan hom-yus, wato na hannu daga waje, a Adum, ƙarƙashin tulin kibod da dutsen guga. Ya rantse mini daga Amurka ya zo. Wallahi bai yi ƙarya ba, domin da yaron shagonmu ya yi karambanin jona adaftarsa a bango, sai ta yi wani ɗan tari ta fitar da hayaƙi mai ƙaurin roba. Wutar Amurka 120 ce, tamu ta Gana 230. Allah ya taimaka adaftar kaɗai ta tafi. Wani mai gyaran rediyo a Aboabo ya haɗa mini wata, ya kuma tono mini igiya mai allura 25 a kai ɗaya, 9 a ɗaya kan, wadda na tabbata ta girme ni.

Linux yana kiran wannan ramin /dev/ttyS0. Na nemi shiga, kwamfuta ta ce ba ni da izini. Ni da na ɗora ta da hannuna, a shagon ƙanen mahaifiyata. Ashe sai ka sa sunanka cikin wani rukuni mai suna dialout, ka fita ka sake shigowa, sannan a yarda kai mutumin kirki ne. Na yi. Na buɗe minicom, manhajar magana da modam, na rubuta AT, harufa biyun da kamfanin Hayes ya sa modam suka fara ji tun 1981. Allo ya ce OK. Ban san lokacin da na yi kabbara ba, har wani bakanike ya leƙo ko lafiya. Na tambayi modam AT+FCLASS=?, wato me ya iya, ya amsa 0,1. Sifilin na intanet ne, ɗayan shi ne fakis.

Na yi sikanin takardar, na loda ta a efax-gtk, manhajar tura fakis, Kawu ya zaro katin ejan daga cikin wani tsohon littafin rasit. Lambar ta fara da 022. Modam ya buga, sai muka ji wata murya daga cikinsa tana cewa babu wannan lambar. Kawu ya ce na lalata layin. Mai shagon taya na kusa da mu ne ya tuna mana cewa tun 2010 aka sauya lambobin wayoyin tebur a ƙasar nan: Akara ta tashi daga 021 ta koma 0302, Tema daga 022 zuwa 0303, mu na Kumasi daga 051 zuwa 03220. Katin ya riga sauyin zuwa duniya.

Aka gyara lamba. Wannan karon ya shiga. Modam ya fara wannan ɗan fiton da na'urar fakis ke yi duk bayan daƙiƙa uku don sanar da ɗaya ɓangaren cewa ba mutum ba ne ke kira. Na Tema ya amsa da nasa dogon fiton, suka shiga ƙeƙe-ƙeƙe da shuuu, suna cinikin gudun da za su yi magana da shi. Allo ya nuna shafi ya fara tafiya. Ya kai wajen rabi sai komai ya tsinke.

Na sake, ya sake tsinkewa a tsakiya. Na rage gudu daga 14,400 zuwa 9,600, don layi mai hayaniya ya fi son a bi shi a hankali. Ya tsinke. Na canza igiyar waya. Na zargi mai gyaran rediyo, na zargi ruwan saman da aka yi jiya, na zargi ɓeraye. Ina cikin wannan zufar sai na lura duk lokacin da na danna tura, Kawu ba ya ofis. Na danna, na bi shi a hankali zuwa gaban shago.

Ga Kawu tsaye a kanta, ya ɗaga kan ɗaya wayar da ke kan layin, ya kara a kunne, na'urori biyu suna ta kururuwa a ciki, shi kuma yana ɗaga murya:

"Salamu alaikum! Tema? Takarda na nan tafe, a duba da kyau!"

"Kawu, don Allah ku ajiye wayar nan!"

"Kai ɗan nan, a aika wa mutum saƙo babu ko gaisuwa?"

Sai da na haɗa shi da mai koko da ƙosai a bakin titi, na sa yaron shago gadin wayar, sannan shafin ya wuce lafiya. Ba a jima ba ejan ya kira a salula. Takarda ta iso, amma hatimin ya zama baƙin dunƙule, lambar kwantena kuma, mai harufa 4 da lambobi 7, ba a bambance 8 da 3 a cikinta. Fakis fari da baƙi kawai ya sani, kuma a yanayinsa na yau da kullum layi 98 yake zanawa a kowane inci. Akwai mai kyau, layi 196, sai dai ya fi cin lokaci da kuɗin waya. Na mayar da shi can, na ƙara wa hoton haske, na sake turawa. Kawu na zaune a benci, hannayensa duka biyu a inda nake ganinsu.

Ejan ya sake kira ya ce yanzu kam ya fito raɗau. Kafin ya kashe sai ya ƙara da cewa, Alhaji, nan gaba a riƙa turowa ta imel kawai, takardar fakis ta yi tsada.

Na kalli Kawu, Kawu ya kalli akwatin modam da fitilunsa jajaye, ya kalli adaftar Aboabo, na ga leɓensa na motsi yana lissafin kuɗin trotro.

"A'a," in ji shi bayan ya kashe waya. "Mun riga mun zuba kuɗi a abin nan, sai mun ci moriyarsa." Ya jawo durowa ya miƙo mini wani kati mai ruwan zinare. "Ungo, na ɗaurin auren ƙanwarka ne. Tura masa. A sa a mai layi da yawan nan, kuma wannan karon ka bari in gaishe shi tukuna."