Makirufon situdiyo da wasan waƙa: wayar jonawa kaɗai ba ta isa ba

Abin yana damuna yadda mutane da yawa suka ɗauka cewa kowane makirufon situdiyo zai yi aiki da wasan bidiyo na waƙa irin Rock Band, da zarar an sayo wayar jonawa da kanta ɗaya XLR ne (irin bakin da ke shiga makirufon situdiyo), ɗayan USB. Ban ga laifinsu ba, tunda bakin yana shiga daidai.

Sai dai makirufon ba iri ɗaya ba ne. Nau'in dinamik, kamar Shure SM58 da mawaƙa ke riƙewa a dandali, ba ya neman wuta: murya ce ke motsa naɗin waya a cikin maganaɗisu. Shi yakan yi aiki, muddin kan USB ɗin yana ɗauke da ɗan abin da ke mayar da sauti lambobi, kuma wasan ya gane shi.

Nau'in kwandensa kuwa, yawancinsu wutar bolt 48 suke buƙata, USB kuma 5 yake bayarwa. Ka jona, ka yi ta rerawa, alamar murya a allo ko motsi ba za ta yi ba. Makirufon lafiyarsa ƙalau. Akwatin da ke ba da wutar 48 ake sa masa a tsakani.