Dokoki ba su ne suka yi ƙaranci ba

Marubucin wani rahoto ya ce tsaurara dokokin yaƙi da cin hanci ne zai ceto ƙananan sana'o'i, amma ni ina da ja a kan haka, domin Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da rashawa ta fara aiki tun 2005, kuma kusan dukkan ƙasashe sun amince da ita. Abin da rahoton ya tsallake shi ne bambancin ƙarfi. Da aka samu Siemens, katafaren kamfanin nan na Jamus, da laifin ba da cin hanci, ya biya hukumomin Amurka da Jamus kimanin dala biliyan 1.6 a 2008, ya ci gaba da harkokinsa; mai ƙaramin kamfani kuwa, jami'i ɗaya ya riƙe masa takardar izini na wasu watanni ya isa ya karya masa jari, ga shi ba shi da kuɗin lauya balle ƙarfin jiran shari'ar da za ta ɗauki shekaru. Dole ce take sa shi biya. Kuma ba 'yan tsiraru ake magana a kai ba, tunda Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ƙanana da matsakaitan kamfanoni su ne kusan kashi 90 cikin 100 na kamfanonin duniya. Malamin da ya ce mai bayarwa da mai karɓa laifinsu ɗaya ne, ina tambayarka: wace kotu ce za ta saurari ƙarar mutumin nan kafin bashin banki ya rufe masa kamfani?